Ɗinyar Mama Rut da azumin guguwa

Jiya da hantsi na fita bayan gida zan yi shanya, sai na tarar tsuntsaye sun riga ni zuwa wurin itacen eldaberi. Rassan sun sunkuyo saboda nauyin 'ya'ya, sun nuna sun yi baƙi wuluk, ƙasa duk ɗigon ja inda tsuntsayen suka yi ɓarna. Zafin ƙarshen Agusta ake yi irin na garin nan, wanda iska ke tsayawa cak, riga ta manne wa mutum a baya. Yanzu azumi ya ja baya ya koma watan Mayu, ana shan ruwa cikin sanyi-sanyi. Amma duk shekarar da 'ya'yan itacen nan suka nuna, sai in tuna azumin da ya faɗo cikin Agusta gaba ɗayansa, lokacin muna zaune a unguwar Port Richmond ta birnin New York, ina ɗauke da cikin fari.

Gidan da muke haya na wata tsohuwa ne baƙar fata, 'yar asalin kudancin ƙasar nan, muna ce mata Mama Rut. Ita ce a ƙasa, ni da maigidana Malam Kabiru muna sama. A ɗakin ƙarƙashin ƙasa kuma akwai Hajiya Mariya, 'yar zangon Kumasi, wadda ke aikin kula da wani tsoho a Manhattan. Can take kwana yawancin mako, sai ƙarshensa ta hau feri, jirgin ruwan fito, ta dawo. Ta girmi mahaifiyata. Tun ranar da na sauka daga Kano ta ɗauke ni 'ya, ita ta nuna mini shagon da ake samun daddawa da busasshiyar kuɓewa, ita ta koya mini hawa bas ba tare da na ɓata ba.

A bayan gidan akwai ɗan fili. Mama Rut ta yanka mana gefe guda, muka shuka tumatir da attarugu da kuɓewa da yakuwa. Nata gefen furanni ne, sai wasu itatuwa biyu a jikin shinge, tsayinsu ya ɗan wuce na mutum, sun fito da kara da yawa daga gindi ɗaya. Su ne eldaberi. Hajiya ta kasa riƙe sunan, ta sa musu ɗinyar Mama Rut, saboda baƙin 'ya'yan, muka bi ta a haka.

A watan Yuni na shekarar, lokacin da suka yi fure, Mama Rut ta zaunar da ni ta nuna mini su sosai. Gwiwa ta hana ta aiki a lokacin, ni nake yi mata ban ruwa tana daga kan kujera. Furen fari ne, ƙanana-ƙanana, sun taru sun baje kamar faifai. Ganyen ya tuna mini da na dogonyaro, jere biyu-biyu suna fuskantar juna, bakinsu kamar haƙoran zarto. Ta sa na shafa karan in ji itace ne na gaske, mai ɓawo ruwan toka da 'yan ƙuraje. Ta karya busasshen reshe ta nuna mini cikinsa, fari mai laushi kamar totuwar karan dawa. Ta ce shuka shi ba wuya, sanda kawai ake yanka a ƙarshen hunturu a soka a ƙasa mai damshi, amma sai an yi guda biyu kusa da juna yake yin 'ya'ya da kyau. Ta kuma ja mini kunne cewa ba a cin 'ya'yan ɗanye, sai an cire tsinkayen an dafa. Daga nan ta ce akwai wani tsiro da baƙi ke ruɗewa da shi, sunansa fok, mai jan kara da faffaɗan ganye, wanda 'ya'yansa ke saukowa a dogon zangarniya. Shi guba ne. Duk wannan bayanin Hajiya tana Manhattan aka yi shi. Abin da ta sani kawai shi ne ruwan ɗinyar da Mama Rut ta ba ta da hunturu lokacin da mura ta kama ta, ta sha ta ji daɗi.

Azumin ya zo da wuya. Ana sahur gari bai ko fara haske ba, a wuni har kusan takwas na yamma rana tana nan a sama. Ɗakinmu na sama yana ɗaukar zafin rufi ya riƙe, fanka ba ta yin komai sai juya shi. Malam yana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, ya dawo leɓensa a bushe, ya kwanta a tsakar falo a kan tayil don ya ji sanyi. Ni na ɗauki kwanakin farko, har wata rana jiri ya kwashe ni a bakin famfo, likita ta ce in ajiye. Na ajiye, amma cin abinci da rana a gidan da kowa ke azumi ba shi da daɗi. A tsaye nake ci a kicin, da sauri, kamar mai sata.

Da yamma nakan sauka in ba shuka ruwa. Ƙasa ta tsage, ganyen kuɓewa ya yi laushi ya rataya, amma eldaberi ko a jikinsa, don wurinsa kwari ne, ruwan rufin gareji can yake gangarawa. Ranakun da Hajiya take gida ita ke dama koko irin nasu mai yaji, ni in soya ƙosai, mu shimfiɗa tabarma a falonmu. Mama Rut ba ta azumi, amma ta san lokacin. Tana jin ƙamshin mai sai ta buga silin da sandarta, in kai mata nata.

A goman ƙarshe abubuwa suka fara zuwa waɗanda ban taɓa zaton zan gani a New York ba. Wata Talata da rana ina zaune ina gyaran wake, sai na ji kujera tana rawa a ƙarƙashina. Na ɗauka jirin ne ya dawo. Sai na ga ruwan cikin kofi yana kaɗawa, cokula suna ƙara a cikin kwando. Na sauko da gudu babu takalmi, na tarar duk layin mutane sun fito suna kallon juna. Girgizar ƙasa ce aka ce. Ba ta rushe komai ba a wajenmu, amma na wuni ina dafa bango. Ba mu gama maganarta ba aka fara sanarwa cewa wata babbar guguwa ta taso daga teku ta nufo mu, za ta iso ƙarshen mako. Aka ce za a tsayar da jirgin ƙasa da bas, har da feri. Malam ya ce tun zuwansa ƙasar nan bai taɓa jin an rufe garin nan haka ba.

Ranar Juma'a ɗan Mama Rut ya zo daga New Jersey ya tafi da ita. Tana shiga mota ta kira ni ta ce in tsinke eldaberin kafin iska ta zubar, in sa a firji, in ta dawo mu dafa tare. A daren Hajiya ta dawo, 'ya'yan tsohon da take kula da shi sun karɓe ta.

Asabar gari ya waye da nauyi. Sama ta yi ruwan toka, babu iska ko kaɗan, ga wani damshi da ke sa numfashi wuya. Muka raba aiki. Malam ya tafi neman ruwan gora da kyandir, ya daɗe, ya dawo da ɗan abin da ya samu, ya ce kantocin sun zama fayau, ko burodi babu. Daga nan ya shiga kwaso kayan Hajiya daga ƙarƙashin ƙasa, don kowa ya san ruwa can zai fara shiga. Katifa, akwatuna, keken ɗinkinta, duk a kansa, da azumi, gumi yana ɗiga daga gemunsa. Ni na cika baho da tukwane da ruwa, na manna salatif a gilashin taga kamar yadda na ga maƙwabta suna yi. Hajiya ta ɗauki lambu. Ta tsinke tumatir har da ɗanyu, ta yanke kuɓewa da yakuwa, na ce mata in ta gama ta haɗa da ɗinyar Mama Rut.

Bayan azahar yayyafi ya fara. Bayana ya riƙe, na ce bari in ɗan miƙe, barci ya ɗauke ni. Cikin barcin ina jin ƙarar bilanda daga kicin, na ɗauka wake take niƙawa.

Lokacin da na tashi an kusa shan ruwa. Ruwan sama ya yi ƙarfi, yana zuwa yana ɗaukewa, itatuwan layin sun fara kaɗawa. Hajiya ta jera komai a tabarma, ga dabino, ga koko, ga ƙosai, ga kuma wani jug cike da abin sha mai kyan gani, ja mai duhu kamar soɓo, da ƙanƙara a ciki. Ta ce ɗinyar ce ta niƙa da citta da kanumfari, tun da ba a san ko gobe akwai wuta ba, gara a sha da sanyinta. Da barci a idona, maganar dafuwa ba ta zo mini ba sam.

Aka kira salla a wayar Malam. Ya ci dabino, ya ɗaga kofi ya shanye a tashi ɗaya, irin shan mai ƙishin wuni. Ya ɗan yamutsa fuska ya ce yana kartar maƙogwaro.

"Citta ce ta yi yawa," in ji Hajiya, ta ƙara wa kanta kofi na biyu.

Ta zuba mini nawa. Na kai baki, sai wani wari kamar na ɗanyen ganye ya bugi hancina, na kawar da kai. Tun da na sami cikin haka nake da ƙamshin abubuwa. Na ajiye na ce sai anjima.

Bayan magariba na kwashe kwanuka na kai kicin. Na buɗe kwandon shara zan zuba ƙwallon dabino, sai na ga tsinkayen da Hajiya ta zubar. Dogaye ne, ja jawur, masu ruwa-ruwa, ga wani faffaɗan ganye guda ɗaya a manne. Na tsaya ina kallonsu, faranti ya zame ya faɗi. Na ɗauko ɗaya na fito falo, na tambayi Hajiya inda ta samo. Ta ce na jikin shinge tsuntsaye sun cinye rabi, kuma ƙanana ne, sai ta leƙa bayan gareji ta ga wani ya fi su girma da sheƙi, ta haɗa duka.

"Hajiya, wannan ba ɗinyar ba ce. Guba ce."

Ta dube ni, ta dubi jug ɗin, ta dubi kofina da ke nan cike a gefen tabarma. Sai ta miƙa hannu ta janye kofin daga kusa da ni, kamar zai iya tasowa da kansa.

Malam ya kira lambar gaggawa. Yana cikin bayani da Turanci na ga ya dafe ciki, ya miƙo mini wayar ya nufi banɗaki. Matar da ke kan layin ta ce kada in ba su komai, in ajiye tsiron, mota tana zuwa amma a yi haƙuri, kira ya yi yawa. Kafin isha'i Hajiya ta fara amai. Ban taɓa ganin amai irin wannan ba, ja kamar jini, har na kasa bambancewa ko jinin ne. Tana da ciwon suga, ga wuni babu ruwa a jikinta. Cikin ɗan lokaci ta kasa zama, ta kwanta a tabarma, hannunta ya yi sanyi, gumi ya jiƙa ɗankwalinta. Ina riƙe da kanta a cinyata, ina jin Malam yana kakari ta bayan ƙofa, ga iska tana jijjiga taga. Ban san wanda zan je wurinsa ba. Hajiya tana ta maimaita kalmar shahada, can ta buɗe ido ta tambaye ni ko na tabbata ban sha ba. Na rantse mata. Ta sake tambaya, na sake rantsewa.

Motar asibiti ta zo cikin ruwa kamar da bakin ƙwarya. Suka ɗauki Hajiya a gadon ɗauka, Malam ya sauko da ƙafarsa yana dafa bango, ni na biyo su da jan tsinken a leda. A hanya babu mota ko ɗaya, fitilun kan titi suna lilo a jikin waya, shaguna duk an rufe da katako. Wannan titin da kullum sai an yi cunkoso, ranar kamar ba a taɓa zama a garin ba.

A asibiti aka sa musu ƙarin ruwa. Likitan ya duba abin da ke cikin ledar ya ce ya san shi, kuma niƙawar ce ta ƙara ɓata lamarin, don dafin ya fi yawa a ƙwayar. Da ya ga cikina ya tambaya ko na sha, na ce a'a, ya ce to madalla. Madallar nan tasa ta daɗe tana dawo mini. Malam ya farfaɗo da safe, ya rame kamar wanda ya yi jinyar wata. Hajiya kuwa jininta ya sauka ƙwarai, suka ce suna tsoron ƙodarta, sai sun riƙe ta.

Da la'asar ɗin Lahadi muka koma gida ni da Malam, wani abokin aikinsa ya sauke mu. Ruwa ya ɗauke, sai iska. Wani ƙaton reshe ya faɗo ya tare rabin layi, babu wuta, ɗakin Hajiya ruwa ya kai ƙauri, takalmanta suna yawo a sama. A falo tabarma tana nan yadda muka bar ta, jug ɗin da sauran abin a ciki. Malam ya ɗauka ya juye a masai, ya jefa jug ɗin a shara. Na leƙa lambu ta taga. Karan tumatir duk sun kwanta cikin laka. Eldaberi ya sunkuya ya zubar da sauran 'ya'yansa, amma bai karye ba.

Kwanakin da suka rage na azumi a duhu muka yi su. Abin da ke firji ya lalace, muka koma shayi da biskit da tumatirin da Hajiya ta tsinka. Da rana muna kwashe ruwan ɗakinta da bokiti, wasu 'yan Ghana daga masallaci suka zo suka taya mu, da yamma mu tafi asibiti. Salla a can ta sami Hajiya. Na kai mata tuwo da miyar kuɓewa a kula, ta ci loma biyu ta ajiye, ta ce ita da ta zo ƙasar nan don ta kula da mutane, ga shi ta kusa kashe gida guda. Na ce ta daina faɗin haka. Washegari aka sallame ta, ƙodar ta tsira.

Lahadin da ta biyo baya Malam ya ari shebur ya ce sai ya ga bayan tsiron nan. Sai ranar na je bayan garejin na gan shi da idona. Iska ta kwantar da shi, amma ya fi ni tsayi, karansa kaurin rake, ja kamar an shafa masa lalle. Hajiya ta sa aka fito mata da kujera, ta ce sai ta kalla. Malam ya sare karan ya fara haƙa. Ya haƙa, ya haƙa, saiwar ba ta ƙare ba, sai ƙara kauri take, fara kamar doya.

Yana cikin haka Mama Rut ta iso. Ɗanta ya biya da ita coci kafin ya kawo ta, tana sanye da farar riga da hula. Na riga na gaya mata komai ta waya. Ta zagayo bayan gida da sandarta, ta tsaya a kan Hajiya ta daɗe tana kallonta. Na kawo mata kujera. Da ta ga ramin da Malam ke haƙa, sai ta ce ya dakata.

"Ba tsuntsu ne ya kawo shi ba," ta ce. "Ni na bar shi a nan, shekara da shekaru."

Muka tsaya muna kallonta. Ta ce suna yara a kudu, akwai shekarun da babansu ba shi da aiki, hatsin gida yakan ƙare kafin hunturu ya fita. Abin da ke fara tsirowa a bakin gona shi ne fok. Mahaifiyarsu takan tsinko ƙananan ganyen tun kafin karan ya yi ja, ta tafasa ta zubar da ruwan, ta sake tafasawa ta zubar, ta sake, sannan ta soya da ɗan kitse. Da shi suka rayu su bakwai. Ta ce har yanzu duk shekara in ya tsiro takan dafa ɗan kaɗan ta ci ita kaɗai, ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ko ɗanta, don a wurinsu abincin matsiyata ne. Kullum takan sare shi kafin ya yi 'ya'ya. Bana gwiwa ta hana ta, ta kuma ji nauyin ta ce mini in je in sare, don kada in tambaye ta dalilin da ya sa yake wurin.

Abin da ya kusa kashe mini miji da uwa, shi wannan tsohuwar take ci da hannunta duk shekara, a ƙarƙashin ɗakin da nake kwana.

Hajiya ce ta yi magana, da Turancinta na Kumasi. Ta ce su ma sun ga shekarar yunwa a Ghana, lokacin da fari da gobarar daji suka cinye gonaki. Rogo mai ɗaci suka koma ci, wanda sai an jiƙa shi kwana da kwanaki dafin ke fita, kuma ta san gidan da yunwa ba ta bar su sun jira ba. Ta juya wurin Malam ta ce da Hausa:

"Malam Kabiru, ka bar mata guntu. Abin uwarta ne."

Na fassara wa Mama Rut. Ta girgiza kai, ta ɗaga sandarta ta nuna cikina.

"Baɗi war haka akwai mai rarrafe a filin nan. Ka cire duka, kada ka bar ko sili."

Malam ya ci gaba da haƙa har ramin ya kai masa gwiwa, sannan ya sa hannu biyu ya ja. Saiwar ta fito da ƙyar, kaurin cinyar mutum, da 'yan rassa kamar yatsu. Zai jefa ta a buhun shara Mama Rut ta ce ya miƙo mata tukuna. Ya ɗora mata a cinya, laka ta ɓata farar rigar cocin, ba ta ko duba ba. Nauyin ya fi ƙarfinta, saiwar ta fara zamewa. Hajiya ta jawo kujerarta kusa, ta sa hannu ta tallafe ɗaya gefen, suka zauna a haka su biyu suna riƙe da ita har Malam ya gama mayar da ƙasa a ramin.